In kabewa ta cika kasuwa, ina mafita ga ɗan kasuwar kan iyaka?

Duk shekarar da Allah ya ba da damina mai kyau, daga tsakiyar watan Agusta har zuwa shigowar kaka, akwai abin da ba ya sauyawa a kasuwanninmu na kan iyaka. Rumfunan ƴan kayan miya kan cika su batse da kuɓewa da yalo da yakuwa, ga kabewa tsibi-tsibi a ƙasa, mai saye kuwa ana nemansa ruwa a jallo. Da hantsi mai kaya yana ta da wuya a kan farashi, da la'asar sai ka ji yana cewa a ba shi ko nawa ne, don kada ya sake biyan kuɗin mota ya koma da kayan gida.

Irin wannan asara ba ta shiga manyan labarai, tunda ba gobara ba ce kuma ba ambaliya ba. Amma duk wanda ya taɓa sarin kayan gwari ya san jarin mutum kan narke cikin kwana uku a ƙarƙashin rumfa, yana zaune yana kallo. Akasarin masu wannan sana'a ƙananan ƴan kasuwa ne da mata masu kasa kaya a faifai, waɗanda sau da yawa da kuɗin adashi ko bashin dillali suke yin sari. Shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu duba abin da ke kawo wannan cika, da kuma abin da ɗan kasuwa zai yi ya tsira da uwar kuɗinsa.

Kowa na da tasa a bayan ɗaki

Cikar kasuwa ta damina ta sha bamban da ta rani. Tumatir da albasar da ke cika kasuwa a watannin Fabrairu da Maris daga sanannun wurare suke fitowa, kamar fadamun Galmi da Ƙonni, da gulbin Maraɗi wajen Jiratawa, da Koramar Damagaram. Sauran ƙasa duk masu saye ne, domin a lokacin ba kowa ke da ruwan da zai ba shuka ba. Ga kuma rana mai zafi da busasshiyar iska ga wanda yake son ya yi kauɗa.

Da damina kuwa ruwan sama bai tsallake gidan kowa ba. Kowace mace ta jefa ƴaƴan kabewa a gindin danga, ta shuka kuɓewa a bayan ɗaki, maigida ya sa yakuwa a gefen gonar hatsi. Da ruwan farko aka shuka su duka, saboda haka tare suke nuna. Matar da ke sayen kuɓewar dala 10 a wurinka da bazara, yau ita ce ta zo maka da kwando tana roƙon ka saya. Wato kaya sun ƙaru, masu saye sun ragu, duk a lokaci guda.

A irin wannan hali rage farashi a kasuwar ƙauye ba ya kawo ciniki, domin wanda kabewa ta haye masa rufin ɗaki ba zai sayi taka ba ko ka karya kuɗin gida biyu. Masu sayen da suka rage suna can cikin manyan birane, inda mutane ke zaune a gidajen haya babu filin shuka: Yamai, Katsina, Sakkwato, Kano. Tsakaninmu da su kuma akwai hanya, akwai shingaye, wani wurin akwai iyakar ƙasa.

Kurjet, baƙuwar da ba ta jira

Cikin kayan da ke jefa masu garka da ƴan sari a wannan hali har da wata ƴar uwar kabewa, doguwa koriya mai kama da kokwamba, wadda masu garkar kewayen birane ke kira kurjet da sunanta na Faransanci. Dangin kabewa dai asalinsu daga nahiyar Amurka ne, ita kuwa wannan a Italiya aka fitar da irinta a ƙarni na 19, ta iso mana ta hanyar girkin Turawa. Bambancinta da kabewarmu shi ne ɗanya ake cin ta tun tana ƙarama, in ta kai kamar taƙi guda, kafin fatarta ta yi tauri.

Abin da ke jan manomi gare ta shi ne saurinta. Kwana 45 zuwa 50 bayan shuka ta fara ba da ƴaƴa, kuma in an tsinke sai ta ƙara zubowa. To, wannan saurin shi ne kuma matsalarta. Sai an shiga garka duk bayan kwana biyu an cire, in ba haka ba wadda aka bari kamar yatsa yau, mako mai zuwa ta kai damtsen ƙato, cikinta ya cika da ƴaƴa, mai otel ba zai ko dube ta ba. Gindi kaɗan ya wadatar da gida har da maƙwabta, amma sai ka ga mutum ya shuka kunya goma a rana ɗaya don ya ji an ce bara wani ya samu kuɗi da ita.

Kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, fatarta kuma ko farce ya taɓa sai ta yi tabo. A zafin rumfar kasuwa kwana uku ko huɗu ta yi yaushi. Masu sayenta dama ƴan kaɗan ne: otel-otel, gidajen abinci, wasu manyan ma'aikata da baƙi ƴan ƙasashen waje, kuma tafiyar baƙi da yawa daga Yamai bayan 2023 ba ta ƙara yawansu ba. Wanda ya sari kurjet ba tare da ya san takamaimai wa zai kai wa ba, ya san ya ɗauko wa kansa kaya.

Kwanan kaya da kwanan kasuwa

Akwai lissafin da ya kamata kowane ɗan sari ya yi tun kafin ya buɗe lalita, wato kwana nawa kayan nan za su yi da ransu, kuma kwana nawa ya rage kasuwar gaba ta ci. Manyan kasuwannin iyaka mako-mako suke ci. Jibiya, Mai'aduwa da Illela ranar Lahadi, Ƙonni ranar Laraba, Maigatari da Damagaram ranar Alhamis, Maraɗi kuwa Litinin da Juma'a. Mai hatsi ko mai wake in kasuwar yau ba ta yi masa ba, sai ya ɗinke buhunsa ya bar wa mai shago ajiya har mako ya zagayo. Ɗanyar kuɓewa da kurjet ba za su ga kasuwa biyu a gari ɗaya ba. Dillalai sun san haka, shi ya sa ba sa gaggawar tayawa da safe. Sun san rana na yi musu aiki.

Bari mu buga misali da ƙagaggen lissafi. A ce ka sari buhu 10 na kuɓewa, jikka 3 kowane. Ka kashe jikka 10 a kuɗin mota da dako da ɗan abin da hanya ke ci. Uwar kuɗinka ta zama jikka 40. In buhu 3 suka yi baƙi kafin ka sauke, sauran 7 ɗin sai kowane ya tashi kusa da jikka 6 kafin ka mai da abin da ka zuba. Wato kusan ninki biyu na yadda ka saya, a kasuwar da ta riga ta cika. Arahar da aka gani a bakin garka sau da yawa a cikin mota take ƙarewa.

Iyaka ma tana da nata

Shekarun baya-bayan nan sun koya mana cewa hanyar da ke buɗe yau tana iya wayar gari a rufe. A watan Agustan 2019, ana tsakiyar damina, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Sai a Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa aka sake rufewa, nan ma ana cikin damina, ba a buɗe tsakanin Nijar da Najeriya ba sai a watan Maris na 2024. Duk lokacin da haka ta faru, mai busassun kaya yana jira ko ya sauya kasuwa. Mai ɗanye ne ke zubarwa, ko ya biya ƴan kabu-kabu kuɗi mai yawa su bi da shi ta daji, kaya su isa a dagargaje.

Sai kuma maganar canji. Daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta faɗi daga wajen 460 a dalar Amurka zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro. Ɗan kasuwar da ya saya da sefa ya sayar da naira sai ya tambayi ɗan canji tun kafin ya ɗora kaya, domin ana iya cin riba a rumfa a rasa ta a teburin canji. Ga ruwa kuma da kan yanke hanya, kamar yadda aka gani a daminar 2024 da ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kamiyon da ya kwana biyu a bakin gulbi yana jiran ruwa ya janye, in ɗanyen kaya ya ɗauko, sai dai a yi wa mai shi jaje.

A raba kaya gida uku

Abu na farko da muke ba ƴan uwa shawara a kai shi ne su daina yi wa kayan damina kuɗin goro. Akwai wanda za a ajiye, akwai wanda za a shanya, akwai wanda dole a rabu da shi yau ko gobe.

Kabewa ita ce ta ajiya, kuma ita ce aka fi yi wa rashin adalci. Kabewar da ta ƙosa sosai, wadda farce ba ya huda fatarta kuma ƙotarta ta bushe, tana iya yin wata biyu ko uku, wata ma fiye, ba tare da ta lalace ba. Sharaɗin shi ne a yanke ta da ƙotarta kamar tsawon yatsa, kada a ɗauke ta ta ƙotar, kada a jefa ta cikin mota kamar dutse. A bar ta ta sha iska kamar kwana 10 a wuri busasshe don fatar ta ƙara tauri, ƙananan raunuka su warke, sannan a jera a kan katako ko gadon kara, sama da ƙasa, ba a tsibe ba. Duk mako a duba, wadda ta fara laushi a fitar da ita kafin ta shafa wa maƙwabtanta. Masu albasar Galmi sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke gina rudu su zuba albasa su jira watannin da za ta yi daraja. Ɗan kasuwar da ke da ɗaki mai iska babu dalilin da zai sa ya zubar da ƙosasshiyar kabewa a farashin kaka, alhali nan da wata biyu matan da suka cinye tasu za su fito neman ta taushe. Mai sayarwa yanka-yanka kuma ya yanka iya abin da kasuwar ranar za ta ɗauka, domin da zarar wuƙa ta shiga, kwananta ya koma ɗaya ko biyu.

Kuɓewa ita ce ta shanya, kuma wannan iyayenmu mata ba su buƙatar a koya musu. Abin da ke ɓata busasshiyar kuɓewar kasuwa guda biyu ne: a jira sai ta tsufa ta yi itace sannan a yanka, ko a baza ta a ƙasa a bakin hanya ƙura da awaki su bi ta kai. Matashiya ake yankawa siriri, a baza a tabarma a kan gadon kara ko rufin kwano, a rufe da tsohon gidan sauro mai tsabta saboda ƙuda, a shigar da ita ɗaki da yamma kafin raɓa. In ta bushe har tana karyewa ƙas a hannu, sai a zuba a jarka ko leda mai kauri a ɗaure sosai, kamar yadda ake yi wa wake don ƙwari. Sai dai a kula, a tsakiyar Agusta iska jiƙe take, abin da bai samu rana mai ƙarfi ta kwana biyu ko uku a jere ba fumfuna zai yi, kuma wanda ya yi fumfuna ba na sayarwa ba ne. Sarin shanya mai yawa ya fi dacewa daga ƙarshen Satumba, in ruwa ya fara ɗaukewa. Ribar wannan aiki ana ganinta da bazara, kuma busasshen kaya in iyaka ta rufe yana jira, in ta buɗe ya wuce har Dawanau.

Kurjet ma tana shanyuwa in an yanka ta fale-fale, kamar yadda ake yi wa kabewa zare-zare a rataya. Amma a yi lissafi tukuna: kilo 20 na ɗanya da ƙyar zai ba da kilo 1 da ɗan ɗoriya, kuma jama'a ba su saba da busasshiyarta ba balle su neme ta a kasuwa. Wannan na tukunyar gida ne. Don haka ita da ɗanyar kuɓewar da ba za a shanya ba, da yalo da ganye, su ne kason da za a rabu da shi da wuri, ko da ribar kaɗan ce.

Ƙarin kwana biyu ko uku

Akwai dabarun da ke ƙara wa ɗanyen kaya ƴan kwanaki. A tsinka da asuba kafin rana ta taɓa su. Kada a wanke sai za a kasa. A zuba a kwando mai shan iska maimakon buhun leda da ke dafa kaya, kuma kada yaran mota su hau kai su zauna. A rumfa a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa.

Wasu sun san dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kaya a ƙaramar a rufe da jiƙaƙƙen zane. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke jan zafi waje. Saboda haka ta fi aiki in iska busasshiya ce, daga kaka zuwa bazara. A cikin Agusta sanyinta kaɗan ne. Kada kuma a ce za a kai wa masu ƙanƙara ajiya a firjinsu, domin kuɓewa da kurjet ba sa son sanyi mai tsanani, suna fitowa su yi tabo su zama ruwa.

Mai kurjet kuma ya buɗe baki ya koya wa masu saye, tunda da yawa suna wuce ta ne don ba su san yadda ake ci ba. Tana shiga miyar taushe, tana shiga dafa-duka da fate, ana soya ta da albasa da ƙwai. Masu tuwon sayarwa da masu abincin tasha, in aka ba su da sauƙi suka ga tana ƙara wa miya kauri, gobe da kansu za su tambaya. Wadda ta girma ta wuce misali a kai wa masu turkar tumaki. Gargaɗi ɗaya: duk kurjet ko kabewar da aka ɗanɗana aka ji ɗaci mai tsanani, a zubar da ita. Ɗacin nan guba ne mai sa amai da zawo, dahuwa ba ta kashe shi, kuma bai halatta a sayar wa mutane ko a ba dabba ba.

Abin da ya rage da la'asar, wanda ka tabbata ba zai kai gobe ba, akwai makarantun allo a kowace unguwa, akwai masu jinya a asibiti. Malamanmu na Malikiyya sun ce babu zakka a kan ɗanyen kayan lambu, amma ƙofar sadaka a buɗe take, kuma ya fi a kwashe shi da shebur bayan kwana biyu.

Tun ran gini ran zane

Duk waɗannan magani ne bayan ciwo ya kama. Rigakafin yana wurin shuka, kuma ɗan kasuwa yana da baki a ciki, tunda sau da yawa shi ke ba mai garka kuɗin iri da taki. In za ka ba da kuɗin, ka sa sharaɗin a raba shukar kashi uku ko huɗu, tsakanin kowace da ta gaba mako biyu ko uku, don kaya su riƙa zuwa kaɗan-kaɗan maimakon su faɗo rana ɗaya. Ku yi magana a kan girman da za a tsinka da ranakun da za a tsinka, su dace da ranar kasuwar da kake ci. Mai garka da ya ga ƴaƴa sun fi ƙarfin kasuwa yana iya rage furen, shukar ta ɗan huta. A Italiya furen kansa soya shi ake yi a ci.

Yau kusan kowa na da waya a aljihu. Kiran minti biyu zuwa ga wani amintacce a Ƴan Kaba ta Kano ko Katako ta Yamai, a ji mota nawa ta sauke jiya kuma a nawa aka tashi, ya fi araha a kan kuɗin mota zuwa da dawowa. Gidajen rediyon karkara da muke aiki a cikinsu a shirye suke su karanta farashin kasuwanni, in shugabannin ƴan kayan gwari za su riƙa aiko da shi a kan lokaci kuma da gaskiya. Ƙananan ƴan sari kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyar in suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota guda kai tsaye zuwa birni, kayansu za su isa da ransu fiye da in kowa ya tsaya a tasha yana jiran mota ta cika.

Muna kuma kira ga hukumomin magajin gari da ke karɓar kuɗin rumfa duk ranar kasuwa, da su tuna da ƴan kayan gwari: inuwa mai kyau, da dandamalin shanya mai tsabta nesa da ƙura, ba su fi ƙarfin asusun gari ba. Jami'an da ke kan shingaye, ƴan duwan da jandarmomi, su ma su riƙa duba cewa motar ɗanyen kaya ba ta jure tsayuwar da motar siminti ke jurewa.

Albarkar damina ni'ima ce da ake roƙo a masallatai tun watan Mayu, bai kamata ta zama sanadin karyewar kowa ba. Kafin ka yi sari a bana, ɗan uwa, ka ƙirga kwanan kayan, ka san wanda za ka kai wa, ka tambayi hanya da canji. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.